Malama Dokas, Mai Zama a Bencin Baya

Duk mai bin hanyar Sarkin Dawaki da safe ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce da ta fara furfura, lema a hannu rani da damina, takalminta mai maɗauri a baya. Ba ta hawa acaɓa. Tana tafe tana amsa gaisuwa, ta tsaya wurin mai ƙosai ta tambayi lafiyar ɗanta da bai zo makaranta jiya ba, ta wuce. In ta shiga harabar makaranta, ofishinta na hannun dama, amma da wuya ka ga ta nufe shi. Takan miƙa jakarta ta taga, ta tsaya a bayan layi har a gama taron safe, wanda ba ita ke jagoranta ba. Malamai ne ke karɓa-karɓa, har da wanda aka turo jiya. Yara na shiga aji sai ta bi bayansu. Ta zaɓi aji guda, ta wuce bencin ƙarshe, ta ce wa yaran da ke kai, “Ku matsa mini,” ta naɗe dogayen ƙafafunta ta zauna a tsakiyarsu, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

Wannan ita ce Malama Dokas Nathaniel, shugabar firamaren da 'yata take, wadda za ta ajiye aiki a ƙarshen wannan zangon. Yara na ce mata Hedimasta, malamai na ce mata Mama. Ni tela ce, a unguwar Yelwa kekena yake, kuma ban iya dogon yabo ba. Abin da na gani da idona, da abin da waɗanda suka yi aiki da ita suka faɗa mini, shi zan rubuta, don kada ta koma gida shiru kamar ba ta yi komai ba.

Waɗanda suke garin nan lokacin da aka ba mu jiha sun tuna yadda Jalingo ta cika cikin ɗan lokaci. Ma'aikata suka kwararo daga Yola da iyalansu, mutanen ƙauye suka biyo aiki, ajin da aka gina don yara kaɗan ya koma sai malami ya tsallake ƙafafu kafin ya kai ga allo. Kowane yaro kuma da harshen da ya tashi da shi: wannan Fulatanci, wancan Mumuye, na gefensa Jukun. Aka ɗebo sababbin malamai, wasunsu ba su daɗe da tuɓe nasu yunifom ɗin ba, aka miƙa musu alli aka ce su shiga.

Cikin wannan cunkoson na kai Murna. A Zing ta tashi, wurin mahaifiyata, domin lokacin da na haife ta ina koyon ɗinki, ba ni da mai riƙe mini ita. Shekarun da ya kamata in goya ta, wata ce ta goya. Da na samu na ɗauko ta tana shekara bakwai, Mumuye take ji, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Saboda tsawonta aka sa ta aji biyu, ajin wani saurayi sabon zuwa, Malam Abbo.

Kullum ta dawo sai ta rera mana abin da aka koya musu, ba tuntuɓe. Muka saki jiki. Da Kirsimeti yayar maigidana, Anti Mabel, wadda ke aikin jinya a Yola, ta zo mana. Bayan an dawo coci an ci shinkafa, Baban Murna ya so ya nuna wa yayarsa cewa 'yarsa ta fara karatu, sai ya miƙa wa yarinyar littafin waƙoƙin coci. Ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan layi kamar yadda ta ga ana yi, ta ɗaga murya: “Akuya tana cin ciyawa. Akuya tana da ƙaho biyu.”

Ba wanda ya yi dariya. Anti Mabel ta karɓi littafin a hankali ta rufe, ta juya wurin ƙanenta.

“Timoti, yarinyar nan hadda take yi, ba karatu ba. Ka ba ni ita. Akwai makarantar mishan kusa da mu, kafin shekara za ka ga bambanci.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, tana son Murna. Baban Murna ya amince nan take. Ni na roƙa a ba ni zuwa Ista. Suka ce to: in Anti ta dawo da Ista yarinya ba ta iya haɗa baƙi ba, za ta bi ta Yola. Na riga na yi zaman da sai dai in ji labarin 'yata a bakin masu zuwa cin kasuwa. Ban shirya sake yin irinsa ba.

Ana komawa makaranta na je wurin Malama Dokas. Na jira har aka buga ƙararrawar fita tara, sannan ta fito daga wani aji tana kakkaɓe ƙurar benci daga zanenta.

“Mama, a canza wa Murna aji. A kai ta wurin Malama Talatu, kowa ya ce ta iya.”

Ta saurare ni har ƙarshe, har labarin akuya. A nan ta ɗan yi murmushi.

“Maman Murna, in na cire taki, sauran da ke ajin fa? Su ma haifarsu aka yi.”

“Ni tawa na sani, Mama.”

“Daidai ne, aikinki ke nan. Ni kuma nawa aikin shi ne Abbo. Yaron nan ya san abin da yake koyarwa. Tsoron yaran yake ji, shi ya sa yake ba su baya ya rungumi allo. Na zauna a ajinsa, na gani. Ki zo ranar Alhamis in an tashi, ki rataya tef ɗinki kamar kin zo awon yunifom. Ki zauna kawai.”

Ban fita da daɗin rai ba, amma ranar Alhamis na je.

Ashe duk Alhamis, in yara sun watse, malaman ba sa tafiya. Sai su shiga aji guda su zauna a bencin yara, ɗaya ya tashi ya koyar da su kamar su ne ɗaliban, bayan ya gama a faɗa masa inda ya yi kyau da inda ya bar su a baya. Wanda ya fi kowa sabunta a aiki shi ke fara magana, don kada ya jira ya ji ta manya ya bi. A farkon kowane zango kuma Malama Dokas ce ke fara tsayawa a gyara ta.

Ran nan ita ce a gaba. Ta ɗauki alli, ta juya mana baya, ta kama bayani da Jukun, harshen mutanensu na Kona, wanda babu mai jinsa a ɗakin. Ta yi ta zubawa tana rubutu, ko waiwaye babu. Can ta juyo, ta tambaya da Hausa, da irin muryar nan da duk muka sani tun muna yara: “Kun gane?”

Bakuna suka amsa da kansu: “Eee.” Har ni da aka ce in zauna kawai.

“Madalla. Malam Abbo, muryarka na ji ta fi ta kowa. Zo ka maimaita mana.”

Ɗakin ya kece da dariya. Malam Abbo ya rufe fuska da hula. Malam Maishanu, dattijon malaman, mai aji shida, ya zungure shi da gwiwar hannu.

“Tashi mana, ɗan Fulani. Ai ka ce ka gane.”

“Baba, kai ma fa ka amsa.”

“Ni na amsa ne don a tashe mu. Yunwa nake ji.”

Malama Dokas ta bari aka gama dariya, sannan ta ce, “To, Malam Maishanu ya faɗi gaskiyar yaranmu. Wani na amsawa don a tashe shi, wani don kunya, wani don ya ji na kusa da shi ya amsa. Ku manya ne, da takardunku, ba mai dukanku, amma kuka ce e. Ina ga yaron da ya zo daga ƙauye ko daga ruga jiya? Na roƙe ku, a makarantar nan a daina tambayar nan. In kana so ka san yaro ya gane, ba shi alli, ko ba shi tsakuwa, ya nuna maka.”

Ba ta ambaci ajin kowa ba, ba ta ko kalli inda nake ba. Kafin a watse ta ce mako mai zuwa Malam Abbo ne zai koyar, da Fulatanci zalla. “Kuma sai na gane,” in ji ta, “ni da ban san komai ba bayan jam ɗin gaisuwa.”

Wannan zaman ban halarta ba, Malama Talatu ce ta ba ni labari da ta kawo ɗinki. Ta ce ya zo da leda cike da murafen kwalba zai koya musu rabawa. Da yake harshe ba zai taimake shi ba, dole ya bar allo ya fuskanci mutane, ya bi benci benci yana duba fuskoki. Mama na can baya, sai ɗaga hannu take yi: “Ban gane ba, Malam.” Talatu ta ce ba wasa take yi ba, da gaske ba ta gane ba. Ya je ya durƙusa a gabanta, ya jera murafen, ya kwashe, ya sake jerawa, har ta raba da hannunta ta samu daidai. Ta yi masa godiya da Fulatanci: “Useko, Malam.” Sai Malam Maishanu ya ce, “Ashe yaron nan yana da fuska. Ni ƙeyarsa kawai na sani.”

Ba a rana ɗaya ya canza ba. Ta riƙa zama a bayan ajinsa, in an tashi su tsaya gindin mangwaro, ba ta ce masa ka yi kaza ba daidai ba, sai dai ta tambaye shi, “Wa ka ga ya ɓace yau?” Da farko bai san amsa ba. Daga baya ya fara kiran sunaye. Wasu ranakun ta riƙe masa ajinsa da kanta don ya je ya zauna a na Malama Talatu ya ga yadda take yi. Shi da kansa ya ƙirƙiro ya riƙa zaunar da yaron da ke jin Hausa da Mumuye kusa da wanda Mumuye kaɗai yake ji, haka ma masu Fulatanci. Ya aiko a tambayi iyaye kwali zai yanka baƙaƙe. Ni na ce kwali ba ya jure hannun yara, na yanka masa su da ragowar ƙyalle na daje bakinsu.

A gida kuwa hankalina bai kwanta ba. Murna ta daina rerawa. Sai in ga ta tsaya gaban buhun gari ko allon mai kemis tana motsa leɓe, ba abin da ke fita. Na sake tare Malama Dokas a hanya.

“Mama, da ko rerawa tana yi. Yanzu ita ma babu, ga azumin Ista ya kama.”

“Bar ta. Da baki ne ke aiki shi kaɗai, yanzu ido ya fara. Shi ba ya sauri.”

“In bai kai ba fa?”

“Ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani, ajin nan yau ba na jiya ba ne.”

Da yake 'yata na hannunsu, na shiga tambaya a kanta, kuma a nan na ji abubuwan da ba ta taɓa faɗa da bakinta ba. In za ta taro a ofishin ilimi, ba mataimakinta kaɗai take bar wa makaranta ba, kowane lokaci wani malami dabam ne. Malama Talatu ta ce ranar da aka bar mata, tana cikin ƙananan malamai a lokacin, hadari ya taso da iska ya yaye kwanon aji huɗu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Ta rarraba yaran a sauran azuzuwa, waɗanda suka rage ta sa aka fitar da teburin shugaba ta zuba su a ofis. Mama ta dawo ta tarar da teburinta a waje, wasu malamai sun yi cirko-cirko suna jiran su ga abin da zai faru.

“Wa ya yanke wannan?”

“Ni ce, Mama.”

“To ni ina kika ajiye ni?”

“A baranda, Mama.”

“To a baranda nake.”

A barandar ta zauna har aka mayar da kwanon. Sai bayan kwana biyu, su biyu kaɗai, ta ce wa Talatu abu ɗaya ta manta: da ta aika wa iyaye tun a ranar, don kada su ji a gari hankalinsu ya tashi. Talatu ta ce tun daga ran nan ta daina ganin kanta a matsayin mai aji guda.

Haka ta matsa wa malamai masu takardar Giredi Tu suka shiga karatun NCE na hutu da ƙarshen mako, in jarrabawa ta zo ta riƙe musu aji. Har Malam Maishanu sai da ya shiga. Yana yawo yana faɗa wa mutane wai matar nan ta hana shi tsufa cikin kwanciyar hankali, amma da sakamako ya fito shi ya fi kowa nuna takardarsa.

Ista ta zo da zafinta, mangwaro ya nuna. Anti Mabel ta iso har da ƙaramar jaka babu komai a ciki, ta kayan Murna. Bayan an ci abinci ta ciro wata takarda ta asibiti, irin wadda ake raba wa mata a kan haɗa ruwan gishiri da sukari, ta miƙa wa yarinyar. Ba ta taɓa ganin takardar ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na kasa zama.

“Ki… wan… ke… han… nu.”

A hankali take tafiya, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Ta ci layi ɗaya, ta shiga na biyu, sai ta ci karo da wata doguwar kalma ta tsaya. Baban Murna ya sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ta dubi gwaggonta.

“Anti, wannan ban gane ba. Ki rufe mini rabi da yatsa, in fara da na gaba.”

Anti Mabel ta rufe. Murna ta ɗauko ta gaɓa gaɓa har ta haɗa: tafasasshen ruwa.

“Mene ne shi?” in ji Anti, tana gwada ta.

“Ruwan da aka dafa.”

Anti ta dubi ƙanenta. “Wa ya koya mata ta tsaya ta tambaya?”

“Malaminsu,” na amsa daga ƙofa.

“To ku riƙe malamin nan. Abin da zan kai ta nema a Yola ke nan.”

Jakar da ta zo da ita, gyaɗa muka cika mata.

Yau Murna tana aji shida, tana shirin jarrabawar shiga sakandare. Malam Abbo ne ke jan zaman Alhamis, kuma malamai daga wata makaranta a unguwar Turaki sun fara zuwa su zauna a bencin tare da su. Malama Talatu aka ce za ta karɓi makarantar. Na tambaye ta ko tana jin tsoro, ta ce tana ji, amma ba aikin da za a miƙa mata wanda Mama ba ta riga ta sa ta taɓa shi ba.

Mama Dokas, uwar malamai, ke ce kika ga saurayi yana rawar jiki gaban yara, ba ki rubuta a ɗauke shi ba, kika zauna a bayansa har ya juyo. Ke ce kika fara tsayawa a gaba ƙananan malamai suka gyara ki, don kada wani ya ji kunyar a gyara shi. Ba ki tara makarantar a hannunki ba. Kin yi ta rarraba ta a hannun mutane tun kina nan, shi ya sa yau da za ki tafi ba mu ji iyaye suna shirin kwashe 'ya'yansu ba.

Ina roƙon sauran shugabannin makarantunmu su gwada, ko da sau ɗaya a mako. Ba ya bukatar mota ko takarda daga sama, benci ne kawai da haƙurin zama a kai. Daga can baya ne za ka ga yaron da ke motsa baki ba ya cewa komai, ka kuma ga malamin da ke bukatar a kama masa. Mu ma iyaye, in muka ga malami na tangaɗi, kafin mu ce a cire mana namu, mu tambaya wa ke taimakonsa. In aka ce babu, to wannan shi ne abin da za mu tsaya a kai a taron iyaye.

Saura godiya, ita kuma tana da nata labarin. Da aka koma makaranta bayan waccan Istar na je wurinta da 'yar atamfa da na ɗinka mata. Ta ce, “Ni ko rana ɗaya ban koyar da Murna ba. Je ki gode wa Abbo.” Na je wurin Malam Abbo. Ya cire hula ya mayar, ya ce, “Maman Murna, ni da na kusa gudu in koma ruga? Koma wurin Mama.” Na koma, aka ce tana aji uku, a baya, kuma ba a katse ta. Atamfar dai na bar ta a kan tebur, na kuma ga ta sa ta. Godiyar ce ba wanda ya yarda ya karɓa, tana hannuna duk shekarun nan.

Shi ya sa, Mama Dokas, na kawo ta nan, gaban mutane, inda ba za ki iya tura ni wurin kowa ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Na gode, Mama. A gabana 'yata ta girma.